Tsakanin UIS7862 da 8227L, ɗauki na farkon

Malam, allon Android ɗin mota guda biyu da ka tambaya a kai, mai UIS7862 da mai 8227L (sunayen ƙwaƙwalwar da ke cikinsu ke nan), duka sun zauna a dashbod ɗin Corolla ɗina. Tunda niyyarka ka riƙa sabunta manhaja kana canza masa fuska, ɗauki UIS7862, kar ka tsaya dogon lissafi.

Shi ne a motar yanzu, Android 10, RAM 4GB. Ranar da na fara sabunta shi, bayan la'asar ne a ƙofar gida, yara sun kewaye motar suna leƙe. Na yi wa filashi fomatin zuwa FAT32, na zuba fayilolin a fili ba cikin folda ba, ciki har da AllAppUpdate.bin da lsec6315update, na tayar da injin, na soka. Da kansa ya gane, ya mutu, ya taso da baƙin allo rubutu yana ta gudu. Wallahi gabana sai faɗuwa yake, har na daka wa ƙaramin yarona tsawa da ya kai hannu wajen makulli. Kafin shayina ya huce ya dawo garau. Maɓallan sitiyari kawai suka daina aiki, na shiga saiti na sake koya masa su ɗaya bayan ɗaya, shi ke nan. Daga baya na ɗora masa manhajar Agama a matsayin fuskar gaba, na shiga saitin masana'anta da lambar 3368 na sa tambarin Toyota a wajen tashi. Google Maps da karatun Alƙur'ani suna tafiya tare daga Kano har Kaduna ba ya ko tari. Ƙwaƙwalwarsa mai zuciya takwas ce, kuma masu irinsa suna da yawa a duniya, shi ya sa fayilolinsa da dabarun gyaransa ba sa wuyar samu a intanet.

Mai 8227L kuwa, yana kunna rediyo, yana nuna kyamarar ribas. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Zuciya huɗu ce tsohuwar ƙira, mai bit 32, kuma in sabuntawar ta lalace sai ka kwanto shi daga mota ka haɗa da kwamfuta mai manhajar SP Flash Tool. Nawa sau ɗaya na gwada, tacin ɗinsa ya juye, in na taɓa dama sai hagu ya amsa. Yana cikin kwali a sito har yau.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Wanda ya sayar mini da mai 8227L ɗin har rantsuwa ya yi Android 12 ne, kuma haka allon ya rubuta. Rubutun nan canza shi ake yi. Kafin ka ba da kuɗi, sa a jona shi da batir a shagon, ka sauke manhajar AIDA64 mai nuna bayanan na'ura, ka duba lambar API: 27 na nufin Android 8.1, 29 Android 10, 31 ne Android 12. Nawa 27 ya nuna. RAM ma ana yi mata irin wannan ƙarin gishiri. Duk mai shagon da ya ce babu lokacin gwaji, ka yi masa sallama.

In ka zo sabuntawa, manhaja biyu ce a ciki. Akwai ta Android, akwai ta MCU, ƙaramin guntun da ke riƙe da wuta, sauti, rediyo da kyamara. Ta MCU kar ka taɓa ta sai in fayil ɗin na allonka ne takamaimai. Ka duba girman sikirin ma, fayil ɗin 1024x600 a kan mai 1280x720 zai iya barin ka da hoto a karkace ko duhu. Ɗauki hoton kowane shafi na saitin masana'anta da wayarka tukuna, kuma ka bar injin a kunne har ya gama.

Kuɗin mai UIS7862 ya fi na ɗayan nesa ba kusa ba, na sani. In bai cika ba ka ƙara wata ɗaya ko biyu. Da ka saya, turo hoton shafin bayanan na'urar in duba maka fayil ɗin da ya dace da shi.