Gwajin haske da gwajin duban kusa: a haɗa su ko a raba?

Ɗan'uwa, ka ce a gwajin da kuka yi, ƙofar ido, wato baƙin ɗigon nan na tsakiya, ta tsuke da aka haska tocila, ta kuma tsuke da aka matso da yatsa kusa da hanci, kana tambaya ko ka rubuta su a matsayin sakamako ɗaya. Shawarata ka raba su. Tsukewar iri ɗaya ce, amma hanyar da saƙon ya bi ta bambanta, kuma a nan malami zai gane ko ka fahimci aikin.

A gwajin haske, saƙo yana tashi daga retina, wato shimfiɗar da ke karɓar haske a bayan ƙwayar ido, ya bi jijiyar gani, wato jijiya ta 2 a jerin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ya sauka a cibiyar firitektal da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. Daga nan yake rabuwa zuwa cibiyoyin Edinger-Westphal na dama da hagu, masu ba da umarnin tsuke ƙofar ido, ya fito ta jijiya ta 3 zuwa tsokar da ke tsuke ƙofar. Wannan rabuwar ce ta sa idan ka haska ido ɗaya, ɗayan ma yake tsukewa. Don haka jadawalinka yana buƙatar gurbi huɗu: an haska dama, me dama ya yi, me hagu ya yi, haka ma da aka haska hagu. Ɗalibai da yawa idon da aka haska kawai suke rubutawa, alhali na gefen shi ne hujja. Idan jijiyar gani ta dama ta lalace, haska dama ba zai motsa kowanne ba, haska hagu kuwa zai tsuke duka biyun. Idan kuma jijiya ta 3 ta dama ce, idon dama ba zai tsuke ba ko wanne aka haska.

Gwajin duban kusa kuwa sai saƙon ya kai sashen gani da ke can bayan ƙwaƙwalwa kafin ya dawo ga jijiya ta 3. Abu uku ke faruwa tare: idanu su karkato ciki, madubin cikin ido ya ƙara kauri, ƙofa ta tsuke. Na farko da na uku kaɗai za ka gani da idonka, kada ka rubuta cewa ka ga na biyu.

Tsarin aikin ma ba ɗaya ba ne. Na haske yana son ɗaki mai ɗan duhu, a sa tafin hannu tsakanin idanu, mutumin kuma ya kafa ido a kan abu mai nisa. Wannan na ƙarshe nake so ka riƙe sosai, domin in ya kalli tocilar, gwaji biyu ka cuɗa ba ka sani ba. Na kusa kuwa hasken ɗakin ne bai kamata ya canja ba. A duka biyun ka auna faɗin ƙofar idon da milimita kafin gwajin da bayansa. Yawanci 2 zuwa 4 ne cikin haske, 4 zuwa 8 cikin duhu.

A sashen bayani na rahotonka ka kawo abin da Argyll Robertson, likitan ido ɗan Sukotilan, ya bayyana a 1869: ƙofar da ba ta amsa haske amma tana tsukewa wajen duban kusa, alamar da aka fi sani a tunjeren da ya kai ga ƙwaƙwalwa. Da hanyar ɗaya ce, da ɗaya ba zai mutu ya bar ɗayan ba.