Sharhi kan ajiye bincike a PATENTSCOPE

Duk wanda ya taɓa zama neman takardun haƙƙin ƙirƙira ya san ba nemo su ne wahalar ba, wahalar ita ce ka tuna yadda aka yi ka nemo su. Sai ka ɓata awanni kana gina jimlar bincike ɗaya, ka sa kalmomin haɗi, AND (da) nan OR (ko) can, ka cire wata kalma ka ƙara lambar rukuni, sai da ta yi daidai sannan washegari a ce maka maimaita, ka rasa ta ina ka bi. Abin da ya sa na koma PATENTSCOPE kenan, shafin neman irin waɗannan takardu na WIPO, hukumar kula da haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba, kuma kyauta ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne sun raba abu biyu. Akwai jerin binciken da ka yi a wannan zaman, wannan na wucin gadi ne, sannan akwai wanda kai da kanka ka ajiye ka sa masa suna, shi yana cikin akawun ɗinka ko daga wace kwamfuta ka shiga za ka tarar da shi. Wata manhajar da na yi amfani da ita a baya a cikin burawza take ajiye komai, ranar da aka share burawzar shike nan, aikin ya bi ruwa. To nan babu wannan fargabar, amma fa sai ka buɗe akawun, in ba haka ba babu ajiya.

Sai maganar RSS, wato hanyar da shafin intanet ke turo maka sababbin abubuwan da aka wallafa, wallahi wannan ya rage min aiki sosai. Galibi ba a wallafa buƙatar haƙƙin ƙirƙira sai bayan wata 18 da fara shigar da ita, su kuma na PCT, wato tsarin shigar da buƙata na ƙasa da ƙasa, duk ranar Alhamis ake fitar da sababbi, kenan binciken da ka yi yau bai ƙare ba, akwai abubuwan da tuni an shigar amma ba su fito ba tukuna. Idan ka haɗa ajiyayyen bincikenka da RSS sababbin su za su riƙa zuwa maka. Sai dai a kula, sai ka cire alamar sirri daga kan binciken kafin RSS ɗin ya yi aiki, ni dai idan aikin wani ne da bai shigar da ƙirƙirarsa ba tukuna ba na yi, gara in shiga in duba da hannu.

Wanda ya shiga da akawun kuma yana iya sauke sakamako har 10,000 a fayil ɗaya, ina haɗa shi da jimlar binciken in ajiye tare.

Shawarata a nan, kuma da gaske nake, kar ka sa wa bincike suna irin "batir 2" ko "sabo". Sa kwanan wata da abin da kake nema da dalili. Sannan lambobin rukuni na IPC, wato tsarin duniya na rarraba ƙirƙire-ƙirƙire rukuni-rukuni, ana sabunta su duk 1 ga Janairu, wata lambar a raba ta wata a soke ta, to binciken da ka ajiye shekara biyu da suka wuce zai iya ci gaba da kawo sakamako kamar lafiya lau alhali wasu takardun suna wuce shi. Duk farkon shekara ina buɗe nawa ɗaya bayan ɗaya in duba lambobin.