Ofishin Lauyan da Ya Yi Mana Rajistar Gidauniyar Marayu a Katsina

Mun shekara huɗu muna tara wa marayun unguwarmu kuɗin kayan sallah ta hanyar zagayawa da kwali a ƙofar masallaci da yaɗa lambar asusun ma'ajinmu a WhatsApp, har ranar da wani bawan Allah ya ce zai ba da gudummawa mai tsoka, amma ba zai zuba ta a asusun mutum ɗaya ba. Wannan ne ya kai mu wani ofishin lauyoyi da ke wajen Ƙofar Ƙaura.

Abin da ya fi burge ni shi ne lauyan bai fara da maganar kuɗin aiki ba. Ya zaunar da mu, ya buɗe dokar kamfanoni ta 2020, ya bayyana mana cewa ƙungiya irin tamu ana yi mata rajista ne a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, da sunan amintattu, kuma wanda bai kai shekara 18 ba, ko wanda kotu ta samu da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce, ba ya shiga cikinsu. Shi ya gyara mana kundin tsarin ƙungiya da jan biro, layi bayan layi, ya sa aka buga sanarwa a jaridu biyu, aka jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan satifiket ya fito, ya raka mu neman takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki ya nema kafin ya buɗe mana asusu mai sa hannun mutum biyu.

Da shugabanmu ya ce to yanzu sai mu fita titi da lasifika, lauyan ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan takarda shaidar ƙungiya ce, ba izinin tare hanya ba ce." Ya rubuta mana wasiƙun sanar da mai unguwa da hakimi da ofishin 'yan sandan yankin kafin ranar ƙaddamarwa, ya kuma dage cewa kowace naira a yanka mata rasit. A ganina wannan shawarar ita kaɗai ta biya kuɗin da muka kashe, domin dukiyar maraya ba abin da ake riƙewa da ka ba ce.

Inda suka gaza kuwa, ba a faɗa mana kuɗin buga jarida tun farko ba, sai da aiki ya yi nisa, dole muka sake bin mambobi karo-karo. Magatakardan ofishin ma ba ya ɗaga waya, sai mutum ya tako da ƙafarsa. Duk da haka, su za mu koma wurinsu idan lokacin miƙa rahoton shekara ga CAC ya yi, amma wannan karon za mu nemi jimillar kuɗin a rubuce kafin a soma.