Ekstenshin mai makunni a kowane rami: ya biya kuɗinsa

Tun da NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato rukunin waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, kafin ya ɗan sauko zuwa wajen 209, duk mai mitar kati a layinmu ya koma leƙen mita safe da yamma. Dalilin da ya sa na sayo ekstenshin mai rami biyar a Kasuwar Sabon Gari ke nan, irin wanda kowane rami yake da makunninsa da 'yar jar fitila.

Talabijin da dikodar da aka kashe da rimot barci kawai suke yi, suna ci gaba da shan wuta. Dikoda ta fi kowa laifi. Ka ɗora tafin hannunka a kanta da asuba, za ka ji ta da ɗumi, alhali tun bayan isha'i ba wanda ya kalli komai. Ga sitabilaiza tana ta ƙugi a kusurwa, ita ma ba kyauta take yi ba. Lissafin ba wuya: abin da ke jan watt 10 dare da rana yakan ci yunit 7 da ɗoriya a wata, wajen naira 1,500 ke nan a farashin rukuninmu. Wallahi abin yana ci mini rai, a biya kuɗin wutar da ko fanka ba ta juya wa mutum ba.

A da sai an sunkuya bayan kabad a zare filogi, shi ya sa ba mai yi. Yanzu ko autarmu takan danna makunnan kafin ta kwanta, ta bar ramin cajin waya kaɗai. Caja ta zamani ma, in ba waya a jikinta, abin da take sha bai taka kara ya karya ba.

Inda na ga gazawarsa, wayar siririya ce. Kada a kuskura a jona masa dutsen guga ko hitar ruwa, zai yi zafi, yana iya narkewa. Firji kuma a bar shi a soket ɗinsa na bango. Sannan da safe sai an yi haƙuri dikoda ta gama lalubo tashoshi, yara kan yi ƙorafi.

In za ka saya, ka sa mai shago ya gwada maka kowane rami a gabanka, ka zaɓi mai kaurin waya da fis a filoginsa, ko da ya fi tsada.