DVD ɗin Memento mai faifai biyu: menu ɗin ya ban haushi amma ya biya kuɗinsa

Duk wanda ya kalli Ghajini na Aamir Khan na 2008 ya san labarin mutumin da ƙwaƙwalwarsa ba ta riƙe sabon abu, duk jikinsa rubutu. To tushen dabarar Memento ne, fim ɗin Christopher Nolan na 2000 wanda Guy Pearce ya fito a Leonard, mai irin wannan mantuwar da ke neman wanda ya kashe matarsa. Ni kan DVD ɗinsa na musamman da aka fitar a 2002 zan yi magana, kuma zan fasa ƙwai, wanda bai kalla ba ya tsaya nan.

Kwalin kamar fayil ɗin majinyaci aka yi shi, ya yi kyau ba laifi. Amma menu ɗin, kai jama'a! Maimakon a rubuta maka ga fim ga ƙarin bayani, sai su jero maka tambayoyi irin na gwajin ƙwaƙwalwa, ka yi ta danne-danne ba ka san inda za ka ɓulla ba, da farko abin burgewa ne daga baya sai ka ji kamar ka jefar da rimot ɗin. Hoto da sauti lafiya lau gwargwadon DVD.

Abin da ya sa na ce ya biya shi ne wani abu da suka ɓoye a faifai na biyu, fim ɗin a jere daga farkon labari zuwa ƙarshe. Asali a baibai yake, wuraren masu kala suna komawa baya, na baƙi da fari suna yin gaba, su haɗu a ƙarshe, don haka kai ma ba ka san abin da ya faru minti goma da suka wuce ba, kamar Leonard. Tausayinsa kawai kake ji. Dubi inda Natalie, wata mata da ya ɗauka taimakonsa take yi, ta kwashe duk biro ɗin ɗakin ta zuba a jaka, ta zage shi ta zagi matarsa tas har ya kai mata naushi, ta fita ta zauna a mota tana jiran ya manta, shi ko yana ta lalube yana neman abin rubutu, tana dawowa da jini a baki ta ce wani ne ya doke ta, ya hau rarrashinta. Wallahi wurin nan ciwo gare shi.

Amma da ka kalle shi a jere sai mutumin ya canza maka gaba ɗaya. Tun da wuri za ka ga Teddy, mutumin da ke taya shi farautar makashin, ya gaya masa ai tuni ya ɗau fansar matarsa, shi kuma da hankalinsa ya ƙone hotunan shaida, ya rubuta lambar motar Teddy a matsayin ta makashin don a zana masa a jiki, ya san sarai anjima zai manta ya ɗauka gaskiya ce. Wato shi ya ɗana wa kansa tarkon da ya kai shi ga kashe Teddy.

Masanin falsafa John Locke tun 1694 ya ɗaura zaman mutum shi ne shi a kan abin da saninsa ke iya kaiwa baya ya tuno. In haka ne wa ya kashe Teddy kenan, Leonard ɗin da ya rubuta lambar ko wanda ya harba bindigar yana ganin adalci yake yi? Ni dai na fi ɗora wa na farkon, don taurin kan da son a ce shi ke da gaskiya ba su goge ba, suna nan tare da shi ko bai tuna komai.

Shawarata kar ka fara da jerarren, ba shi da armashi in ba ka ga na baibai ɗin ba. Kuma ka nemi yadda ake buɗe shi a intanet tukuna, akwai wurin da sai ka jera hotunan wata mata mai canza tayar mota daga ƙarshe zuwa farko kafin ya buɗe.