Daren kartar poka a wani gidan kallo na Garwa

A birnin Garwa na ƙasar Kamaru, ba nisa da filin wasa na Roumdé Adjia, akwai wani gidan kallon ƙwallo da ya saba tara matasa a ranakun gasar Ingila da ta zakarun Turai, wanda a 'yan watannin nan mai shi ya ɓullo da dabarar cike dararen da babu wasa. Yakan sauke shirye-shiryen gasar kartar poka daga YouTube, ya sa su a babbar talabijin bayan sallar isha'i. Kuɗin shiga sefa 100 ne, wanda ya ƙara 200 kuma a ba shi lambar sirrin intanet ɗin gidan har zuwa lokacin tashi.

Wurin kansa ba shi da laifi. Akwai sola da batura, saboda haka ko an ɗauke wuta hoto ba ya yankewa, fankoki kuma suna juyawa, abin da duk wanda ya san zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ba zai raina ba. Bencina a jere suke yadda na baya ba ya leƙe, ana share wurin, mai shayin bakin ƙofa kuma yana kawo wa mutum har inda yake zaune. Matsalar sauti ce kawai, domin yawancin shirye-shiryen da Turancin Ingilishi ake sharhinsu, sai dai wani matashi da ya ɗora wa kansa aikin tafinta yana juya bayanin zuwa Hausa da Fulatanci, yana ƙara nasa gishirin.

Ba na musun cewa kallon yana riƙe mutum, kuma dalilin a fili yake. A irin wannan karta ana ba kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur, uku da farko, sai ɗaya, sai ɗaya, ana zuba kuɗi tsakanin kowace buɗewa. Shekara da shekaru ba ta yi farin jini a talabijin ba saboda mai kallo bai san abin da ke hannun kowa ba, har sai da aka fara ɗaukar katunan rufe da ƙaramar kyamara, dabarar da wata tashar Ingila ta yi amfani da ita a 1999, shirin World Poker Tour kuma ya yaɗa ta a Amurka daga 2003. Tun daga nan mai kallo ya fi 'yan wasan sanin abin da ake ciki. Na ga ɗaki cike da 'yan acaɓa da teloli ya yi tsit yayin da wani mai riƙe da katunan banza ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar tebur, fuskarsa ko gezau, shi kuma abokin karawarsa mai riƙe da manyan kati biyu masu hoton sarki yana jujjuya faya-fayan robar da ke madadin kuɗi yana zufa. Da ya jefar da katunansa, sai ɗakin ya kaure da ihu, kowa yana cewa ai shi da ba zai ji wannan burga ba.

Wannan "ai ni da" ita ce ta fara ba ni tsoro, domin wanda aka nuna wa katunan kowa yakan ɗauka basirarsa ce ta gano su. Sannan babu daren da ba a maimaita labarin Chris Moneymaker, akantan nan na jihar Tennessee da ya sami gurbi ta wata ƙaramar gasar intanet a 2003, ya je Las Vegas ya cinye babbar gasar duniya da dala miliyan 2.5. Labarin gaskiya ne, kuma shi ya tayar da guguwar: mutum 839 ne suka shiga gasar a shekarar, zuwa 2006 sun kai 8,773, wanda ya zo na ɗaya ya kwashi dala miliyan 12. Abin da tafintan namu ba ya faɗa shi ne kowane ɗayansu dala 10,000 ce kuɗin kujerarsa, kuma waɗanda suka tashi da wani abu a 2006 ba su kai 900 ba, sauran kusan 7,900 hannu rabbana suka koma gida.

Haka kuma shirye-shiryen tatattu ne. Wasan da aka kwashe kwanaki ana yi shi ake matsewa ya koma 'yan sa'o'i, a zubar da dogon zaman da mutum ke jefar da kati bayan kati, a bar wuraren da jini ke hawa. As biyu, wato biyu daga katin da ya fi kowane daraja, hannun da ya fi kowane ƙarfi a farkon rabo, sau ɗaya yake zuwa wa mutum cikin rabo 221 a bisa lissafi, amma a allon gidan kallon sai ka ce tsintarsa ake yi a hanya.

Babban abin da na ƙi a tsarin gidan shi ne haɗa kallon da sayar da intanet a ɗaki guda. Kafin a kai rabin shiri, hasken wayoyi ya cika bencinan baya, wasu suna buga manhajojin da ake wasa da kuɗin bogi, wasu kuma sun riga sun tsallaka shafukan da ake zuba na gaske, tunda asusun kuɗin waya ya sa tura sefa 500 bai fi minti ɗaya ba. Waɗannan shafuka suna cire la'adarsu daga kuɗin da aka tara a tebur ko wa ya ci, don haka su ba sa faɗuwa. Ko wanda ya ci ma bai tsira ba tukuna: ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka ƙwace adiresoshin manyan shafukan poka uku, Amurkawan da ke da kuɗi a ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, kuwa sai a 2014 aka fara biyansu. Idan Ba'amurke mai lauya ya yi wannan jira, ɗan acaɓan Garwa ƙofar wa zai buga? Ga shi kuma yawancin masu zama a bencinan nan Musulmi ne da suka san aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, wadda ta jera caca tare da giya cikin abubuwan da aka ce a nisanta.

Na yi wa mai gidan wannan magana, ya ce, "Malam, ni hoto nake sayarwa, ko sisi ba a zubawa a teburina." Gaskiya ya faɗa, ban taɓa ganin an baje karta a wurin ba, shi ya sa dokar Kamaru ta 2015 kan wasannin kuɗi da na sa'a ba ita ce damuwarsa ba. Sai dai yaran da ba su kai shekara 15 ba suna shiga da sefa 100 ɗinsu babu mai tambayarsu, kuma wannan a hannunsa yake.

Ranar ƙwallo zan ci gaba da zuwa, zan kuma tura baƙo can ba tare da shakka ba, musamman idan ya je da wuri ya kama benci na biyu ƙarƙashin fanka. Daren karta kuwa ba zan bar ƙanena ya taka wurin ba sai mai gidan ya hana ƙananan yara shiga, ya kuma kashe intanet ɗinsa muddin shirin yana kan allo.