Halka, Straszny dwór ko Król Roger: wanne za ka ɗora a dandamali?

Idan gidan wasanku na son kawo opera daga Poland, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa gaba ɗaya da kaɗe-kaɗe, sunaye uku ne za su fara zuwa gabanku. Duk ukun ba kasafai ake ganinsu a wajen ƙasarsu ba, kuma kuɗin da kowanne zai ci ya sha bamban.

Król Roger na Karol Szymanowski, wanda aka fara nunawa a Warsaw a 1926, shi ne mai jan ido. Gajere ne, kamar awa ɗaya da rabi, sai mutum ya ɗauka araha ne. Ina! Tun daga fitowar farko, a cikin majami'a a Sicily, kana buƙatar babbar tawagar mawaƙa har da ta yara, ga makaɗa jingim. Da Royal Opera House ta Landan ta yi shi a 2015, ƙaton kan mutum ta kafa ya cika dandamali. Akwai kuma abin da ake mantawa: Jarosław Iwaszkiewicz, wanda suka rubuta kalmomin tare da Szymanowski, ya rasu a 1980, don haka a Turai haƙƙin mallakar rubutun bai ƙare ba. Ku tambayi kuɗin izini tun kafin ku sa rana.

Straszny dwór na Stanisław Moniuszko wasan raha ne: sojoji biyu 'yan'uwa sun rantse ba za su yi aure ba, sai suka kwana a wani gida da ake cewa akwai fatalwa. Hukumomin Rasha, masu mulkin Warsaw a lokacin, sun dakatar da shi a 1865 bayan nunawa uku kacal, saboda kishin ƙasar da ke cikinsa. Ɗan Poland zai ji wannan a jikinsa, baƙo kuwa sai an yi masa bayani. Ga manyan mawaƙa da yawa da masu rawar mazurka, rawar gargajiyar Poland, da za a biya.

Ni dai Halka zan ɗauka, shi ma na Moniuszko. Ɗan masu ƙasa ya yaudari 'yar ƙauye, ya auri 'yar gidan sarauta, ita kuma ta faɗa kogi. Labarin ba ya buƙatar tafinta. Iri biyu ne: na Vilnius na 1848 mai kashi biyu, wanda ya fi dacewa da ƙaramin aljihu, da na Warsaw na 1858 mai kashi huɗu da raye-raye. Takardun kiɗan ana neman su wurin kamfanin PWM da ke Kraków.

Kowanne kuka zaɓa, ku ware albashin mai koyar da lafazin harshen Poland tun makon farko na gwaji. Mawaƙin da ya saba da Italiyanci zai sha wuya kafin harshensa ya iya furta "szcz" a tsakiyar waƙa.